Manhajar Layin Tattasai

Ranar da Bisera ta fara haɗuwa da Naum, goshinsa da idanunsa kawai ta gani, su ma a ƙasa, daidai da daɓen hawa na uku. Sauran jikinsa yana cikin lif ɗin benensu, wanda ya tsaya cak tsakanin hawa biyu, minti goma bayan Naum ya bi ƙofa-ƙofa yana shelar ya gyara shi.

Ta tsugunna ta ce, "A kira masu gyara?"

"Ai ni ne mai gyaran," in ji shi. "Kuma bai lalace ba. Tunani yake yi."

Awa huɗu lif ɗin ya yi yana tunani. Bisera ta zura masa burodi da cuku ta 'yar kafar ƙofa, ta zauna a matakala da littafinta a cinya, shi kuma daga can cikin rami ya yi ta ba ta labarin yadda zai mayar da garinsu Strumica garin da komai ke yin kansa da kansa. Shafi ɗaya ta karanta a awa huɗun nan. Da 'yan kwana-kwana suka zaro shi, sai da ya tsaya ya nuna musu inda suka yi kuskure wajen zarowar, sannan ya juyo ya yi mata godiya, kunnuwansa jajur. A nan zuciyarta ta kamu, ba ta kuwa gaya wa kowa ba, har shi kansa.

Shekara uku ke nan. A cikinsu Naum ya gyara injin wankin Kawu Riste, tsohon direban bas na hawa na ɗaya, har injin ya koma tattaki zuwa bakin ƙofa duk lokacin da aka kunna shi. Ya kuma yi kwas na wata biyu a intanet kan haɗa manhajar waya, tun daga nan ba ya waiwayowa sai an ce injiniya. Sau biyu ya yi wa Bisera maganar aure, duka biyun da zane a takarda mai kibau da akwatuna. Sau biyun tana murmushi, tana ci gaba da jera kwalabe a shagon kayan kicin inda take aiki. Amsar tana bakinta, amma akwai kakarta, Iya Dosta, wadda ta rene ta tun da iyayenta suka tafi aiki Italiya.

Gida goma sha ɗaya ne a benen, murhun gasa tattasai kuwa ɗaya tak, na ƙarfe, a tsakar gida ƙarƙashin ɓaure, sai tukunyar suya ɗaya. Da Satumba ta kama kowane gida sai ya yi aivar ɗinsa, miyar tattasai ta ajiya don lokacin sanyi: a gasa tattasai, a ɓare, a tsane, a niƙa, a soya da mai ana juyawa har hannu ya mutu, a ɗura a kwalabe. Gida ɗaya a rana, sauran mata su sauko su taya ɓarewa. Layin wa ke gaba wa ke baya kuma yana cikin kan Iya Dosta. Wadda ta yi rashin miji bana ita ce ta farko. Wadda 'yarta za ta koma Jamus da kwalabe a jaka ta biyo. Goggo Menka da Goggo Trayanka, waɗanda rabonsu da magana tun rigimar igiyar shanya shekara goma sha tara da suka wuce, ba a sa su kusa da juna.

A kan wannan layi Naum ya ɗora ido. Ya hau har hawa na uku da furanni, ya zauna a kicin, ya kurɓi gahawa.

"Iya, kin san ƙarnin da muke ciki kuwa?"

"Na san hawan da nake ciki. Na uku. Da ƙafata nake hawa, albarkacinka."

"Wancan ya wuce. Maganar layin murhu nake. Shekara talatin yana cikin kanki. In kan ya yi ciwo fa?"

"Sai in sha magani."

"Manhaja ba ta ciwon kai, Iya. Ba ta son kai. Ba ta san wane ya gaishe ta, wane bai gaishe ta ba."

"Ashe ba ta san komai ba."

Bisera tana bakin taga tana goge kofin da ya riga ya bushe. Iya Dosta ta dube ta, ta dubi furannin, ta ajiye cokali.

"Na ji. Bana na sakar maka layin. In aivar ɗin gida goma sha ɗaya ya shiga kwalba ba wadda ta zagi wata, ka kawo iyayenka su sha gahawa a ɗakin nan, mu yi maganar da kake ta kewaye-kewaye a kanta. In kuwa…"

"Babu in kuwa," in ji Naum, ya miƙe har ya buga kai da fitila.

Washegari ya tara mutanen benen a ƙarƙashin ɓaure. Ya jingina ƙyauren wani tsohon kwabad da bango, ya ɗauki alli.

"Kafin a gina manhaja sai an zaɓi dandalin da za a ɗora ta. Kamar gida ne, sai ka fara zaɓen fili. Akwai filin iPhone. Akwai filin Android. Akwai kuma masu ragon azanci, su gina ɗaya ta zauna a kan filin biyu. Ni kuwa ba rago ba ne." Ya zagaye iPhone da alli har sau uku. "Nan manya suke."

Kawu Riste ya ɗaga hannu. "Injiniya, wa ke da irin wayar nan?"

"Duniya, Kawu."

"To duniya a wane hawa take?"

Naum ya ce masu tambaya irin wannan ne suka sa aka bar mu a baya.

Sai dai ashe ginin manhajar iPhone yana buƙatar kwamfutar kamfanin da ke ƙera wayar, ta Naum kuwa ba ta cikin dangi. Mai irinta a duk unguwar shi ne likitan haƙori na ƙasan bene, wanda ya ce ba ya barin kowa ya zauna masa a asibiti sai majinyaci. Naum ya zama majinyaci. Kwana tara yana zuwa, yana aiki a ɗakin jira, in layi ya zo kansa ya shiga ya buɗe baki. Ya fito da manhaja guda, da ciko a haƙora uku da ba su taɓa yi masa ciwo ba.

Ranar ƙaddamarwa ya sa farar riga. Allura ba ta gama sakin leɓensa ba, magana tana fita ta gefe ɗaya.

"Kowa ya fito da wayarsa."

Aka fito da su. Wayoyin da 'ya'ya suka gaji da su a Jamus da Italiya suka aiko gida, masu tsagaggiyar fuska, wata an ɗaure ta da robar gashi, wata sai an mare ta take farkawa. Duka Android. Iya Dosta ta zaro tata daga aljihun riga, mai maɓallai da tocila, ta haska masa fuska da rana tsaka. Masu iPhone a benen mutum biyu ne: Naum, da matar likitan haƙori, wadda kowa ya san a kanti take sayen aivar, ana ma rage murya in za a faɗa.

"To ai shi ke nan," in ji Kawu Riste. "Kai ka yi Litinin, ita ta yi Talata ta je kanti. Layi ya ƙare."

Naum ya share allon da hannun farar rigarsa. Ya ce wannan gwaji ne dama, don ya auna kasuwa, kuma tun farko zuciyarsa tana wajen talakawa. Ya zagaye Android.

Mako guda ya sake tafiya. Tattasai ya cika kasuwa, jajaye masu kauri kamar tafin hannu. Hayaƙi ya fara tashi daga tsakar gidajen maƙwabta, ƙamshin gashi yana shigowa ta taga yana zagin mutane. Nasu murhun yana nan a rufe da leda, kyanwa tana barci a kai. Iya Dosta kan fito baranda da saƙarta ta zauna tana kallon murhun.

Manhaja ta biyu ta fito. A wayar Goggo Menka, maɓallin da za a danna a ce an amince ya sauka can ƙasan fuskar wayar, inda yatsa ba ya kaiwa. Ta yi ta karkata wayar tana girgizawa ko zai taso. Ta Goggo Trayanka ta ce ita ta tsufa da irin wannan, ta kashe kanta. Ta Kawu Riste ta buɗe, amma ta ɗauki zafi har ya riƙa jefa ta daga hannu zuwa hannu.

"Wannan kam ka bar min ita," in ji shi. "In ɗora tattasaina a kai, ba sai na bi layi ba."

"Laifin wayoyinku ne. Kowace da girmanta, kowace da shekarunta."

"Haka mu ma muke, ɗan nan," in ji Goggo Menka. "Dosta ba ta taɓa cewa laifinmu ba ne."

Da yamma Bisera ta same shi a matakala ya haɗa kai da gwiwa. Ta zauna hawa biyu sama da shi.

"Me zai hana ka rubuta layin a takarda ka manna a ƙofa? Ka tambayi Iya a ɓoye, ni zan shige maka gaba."

"Takarda?" Ya dube ta kamar ta ce ya fita tsirara. "Bisera, saura hanya ta uku. Gini ɗaya, fili biyu."

"Wadda ka ce ta ragwaye ce?"

"Na ce ta masu hangen nesa ce. Alli ne bai fito da kyau ba."

Hanya ta uku ta ci kwana biyar. Da farko haruffan suka fito ƙananan akwatuna a jere, Goggo Trayanka ta ce ita ba za ta danna abin da ya yi kama da maƙabarta ba. Ya gyara wannan. Sai manhajar ta ce kowa ya sa adireshin imel ɗinsa kafin ta ba shi rana. Goggo Menka ta ba shi adireshin gidan 'yarta a Stuttgart ta Jamus, har da lambar ƙofa. Kawu Riste ya ce yana da imel, amma surukinsa ne ya san inda ya ajiye shi. Naum ya dubi hayaƙin maƙwabta, ya dubi baranda, ya karɓi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, har da ta matar likitan haƙori, ya sa nasa adireshin a cikin kowace, don a yi sauri. Da ya zo kan ta Bisera, wadda ita ce za ta tsaya wa gidan Iya Dosta, tana da nata imel ɗin sarai. Amma ya riƙo wayar tare da yatsunta, sai ta manta.

"Ga kuma inda basirar take," in ji shi ga taron. "Kowa ranarsa kawai zai gani. Ba mai ganin ta wani, balle a yi gunaguni. Da safiyar ranarki, manhaja da kanta za ta kira maƙwabta su sauko taya ki."

Wayoyi suka yi ƙara. Kowace mace ta kare fuskar wayarta da tafi ta leƙa. Bisera ta leƙa tata: Asabar, ƙarfe bakwai na safe. Ranar farko, wadda ta fi kowace, murhu a wanke, itace a bushe. Ta ɗago ta ga Goggo Menka tana cusa waya a ƙirji tana kallon sama, Goggo Trayanka tana danne murmushi tana duban Menka da tausayi. Ba wadda ta tambayi wata. Kowace ta haye sama a hankali, da tafiyar wadda ta ci gari ba ta son a sani.

Ranar Alhamis murafun kwalabe suka ƙare a shagon su Bisera. Matan benensu ne suka saye, suna shigowa ɗaya-ɗaya, kowace tana cewa na wata ƙawarta ne. Ranar Juma'a ta ga mazan benen a kasuwa, kowa yana ɓuya a bayan buhunsa. Ta nemi Naum ta same shi yana gwada taye a madubin mota.

"Naum, anya ba rana ɗaya ka ba kowa ba?"

"Me kika gani?"

"Kowa yana sayen tattasai yau."

"Wannan shi ake kira amincewar jama'a. Wane ya fi, shuɗin ko mai ɗigo-ɗigo? Na gaya wa su Mama su shirya Lahadi ta sama."

Asabar, tun kafin bakwai, Bisera da Iya Dosta suka sauko da buhunansu huɗu. A matakala suka ci karo da Kawu Riste yana jan nasa. A ƙofar fita buhun Goggo Menka ya cije da na Goggo Trayanka, ba mai ja baya. Da aka samu aka fita, tsakar gidan ta koma kasuwa: buhu a kan buhu, jarkokin mai, itace, robobi, kujeru, gida goma, ban da na likitan haƙori, a tsaye kewaye da murhu ɗaya, kyanwa a saman ɓaure tana kallon ikon Allah.

"Yau tawa ce," in ji Goggo Menka, ta ɗaga waya.

"Tawa ce," in ji ta hawa na huɗu, ta ɗaga tata.

Wayoyi goma suka tashi sama. Asabar, ƙarfe bakwai na safe.

Naum ya fito da taye mai ɗigo-ɗigo, ya tsaya turus.

"Injiniya," in ji Kawu Riste, "ina da tambaya ta ilimi. Asabar nawa ce a makon nan?"

Naum ya haye kan wani buhu, tattasai yana fashewa a ƙarƙashin takalmansa. "Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Wannan ba matsala ba ce. Nasara ce ta zo da yawa."

"Sauka daga kan tattasaina, ɗan banza," in ji Goggo Trayanka.

"Faɗa masa dai, Trayanka," in ji Goggo Menka. "Tun yana cikin zani kansa ba daidai yake ba."

"Ai na tuna, Menka. Shi ne ya haɗiye maɓallin rigar fadan coci ranar baftisma."

Shekara goma sha tara ba a ji sunayen nan biyu a bakin juna ba. Su kansu suka dubi juna da mamaki, sannan suka juyo kansa tare.

Ƙararrawar coci ta buga bakwai. A bugun ƙarshe duk wayoyin suka ɗauki ƙara lokaci ɗaya. Manhaja ta ƙirga mutanen benen ta adireshinsu, ta samu mutum ɗaya ne tak, ta ba shi rana mafi kyau, yanzu kuma tana kiran masu taya shi. Kawu Riste ya sa tabarau ya karanta da muryar da yake kiran tasha da ita a da.

"Yau ranar Naum ce. Ku sauko ku taya shi ɓare tattasai."

Taga ta buɗe a ƙasan bene. Matar likitan haƙori ta leƙo da rigar barci, iPhone a hannu. "Ni ma ya shigo min. Wane tattasai kuma?"

Fuskar Naum ta washe. "Kun gani? Kun gani da idonku? Tana aiki a kan dandali biyu!"

Tattasai na farko a kunne ya same shi. Ba a san wadda ta jefa ba, amma Menka da Trayanka sun tafa.

Iya Dosta ba ta ɗaga murya ba. Ta bi buhunan tana matsa tattasan kowa da babban yatsa. Wanda ya fara laushi yau, mai tauri zai kai Talata in an shanya a inuwa. Cikin minti biyu ta jera gida goma ba takarda ba alli. Ta aiki Kawu Riste ya aro murhu biyu a benen da ke kallonsu, abin da rabon a yi tun kafin a haifi Bisera, ta ce in sun yi dariya ya ba su lambar injiniya. Sannan ta jawo 'yar kujera mafi gajarta, ta ajiye babbar roba a gabanta.

"Waya ba ta ƙarya," in ji ta. "Yau ranar Naum ce. Zauna."

Ya zauna. Aka ɗaura masa zanen aikin Goggo Menka mai furanni a kan taye. Murhu uku suka kama, tattasai yana ƙonewa yana tsartuwa, ana kwashewa ana juye masa. Mutanen benen da ke kallonsu suka jeru a baranda da kofunan gahawa. Da farko yana bayani, cewa ɓarewa ma akwai dabarar da za ta rage aikin da rabi. Da rana ta take bayanin ya ragu. Da la'asar ya ƙare. Yatsunsa sun yi baƙi sun tattare, 'ya'yan tattasai har cikin girarsa.

Bisera ba ta taɓa ganin sa shiru ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta sa hannu a robar.

"Na ɓata, Bisera," in ji shi a hankali, bai ɗago ba. "Wannan karon ba laifin waya ba ne."

Iya Dosta tana bakin tukunya da muciya, kunnenta kuwa ko sauro ya yi tari tana ji.

"Gara da ka faɗa da bakinka. An yi zagi yau da ya ishi shekara uku. Ka gaya wa iyayenka su huta, ba za su sha gahawata ba."

Shekara uku Bisera tana tanadin kalmomi masu kyau daga littattafai saboda rana irin wannan. Ta laluba ba ta samu ko ɗaya ba. Ta miƙe haka nan, hannu yana ɗigar ruwan tattasai.

"To za su sha tawa, Iya. Ke kika koya min dafawa."

Muciya ta tsaya. Mata suka bar ɓarewa. Har na baranda suka matso.

"Kin ga abin da ya yi wa mutane yau?" in ji Iya Dosta.

"Na gani. Na ga kuma bai gudu ba."

"Ina zai je? Riste ya tare ƙofa."

"Ko ba a tare ba zai zauna." Ta juya gare shi. "Naum, na amince. Zan aure ka kafin tattasan baɗi."

Idanun Naum suka kawo ruwa. Ya goge da bayan hannu, yaji ya shiga, ruwan ya ƙaru. Iya Dosta ta dubi jikarta, sannan ta ci gaba da juya tukunya, ta ce wa Menka ai dama gidan yana buƙatar mai hawa da buhu. Jin haka Naum ya farfaɗo kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa.

"Katin gayyata," in ji shi. "Ba sai an buga takarda ba. Yanzu na san inda matsalar take. In muka zaɓi dandalin da…"

Wani nishi ya tashi daga gida goma har da na baranda. Bisera ta sa tafinta mai tattasai ta rufe masa baki, ta juya ta fuskanci tsakar gidan.

"Ku ma ga naku alkawarin, kowa ya shaida. Daga yau, duk ranar da na ji mutumin nan ya ce ya san inda matsalar take, ni da hannuna zan ɗauke kwamfutar in hau da ita hawa na uku in ba Iya ajiya."